Marke ko Darbejiya: Wane Itace Ya Dace da Bandar Nama a Gezawa?

A tsakiyar jihar Texas ta Amurka, masu gasa nama sukan yi gardama a kan itacen oak kamar yadda manomanmu ke yi a kan irin gero. A garin Lockhart, wani jinsi na farin oak ake so saboda hayaƙinsa marar kaifi, a Santa Maria ta Kalifoniya kuwa da wanda suke kira ja ake tinƙaho. Oak ba ya fitowa a ƙasar Hausa, amma sanin cewa itace ma kayan haɗi ne, kamar yaji da ƙuli, tsohon ilimi ne a wurin mahautanmu. Abin da ya bambanta ƙasar Gezawa shi ne, a nan kowace bishiya da mai ita.

Dalilin da ya sa Turawa suka zaɓi oak shi ne nauyi da tauri da rashin danƙo. Irin wannan itace yana ci a hankali, ya bar garwashi mai daɗewa. Wani sinadari da ke ƙarfafa jikin itace, mai suna lignin, shi ne idan ya ƙone yake fitar da abubuwan da ke ba nama ƙamshin banda, su kuma rage ƙarfin ƙwayoyin da ke ruɓar da shi. In da wannan mudu aka auna, marke ne kan gaba a wurinmu. Yana da nauyi, ba ya yawan tartsatsi, hayaƙinsa siriri. Ƙirya na biye da shi, har ta fi shi zafi, shi ya sa maƙera ba sa haɗa gawayinta da na kowa. Tsamiya da bagaruwa da aduwa su ma masu riƙe wuta ne.

Akwai kuma na baya. Gawo yana saurin cinyewa. Kuka jikinta duk ruwa ne, ba ta ma shiga lissafi. Darbejiya, wadda aka kawo daga Indiya zamanin Turawa, ita ce ta fi samuwa a bakin hanya da ƙofar gida, sai dai in ba ta bushe sosai ba hayaƙinta kan bar ɗaci a nama. Itacen turare mai yawan mai ne, warinsa na danne na yaji. Tumfafiya kuwa, da farin ruwanta mai dafi, ba a kusantar da ita ga abinci.

Duk wanda ya tsaya kusa da tukuba da la'asar zai ga yadda gwani ke aiki. Ba ya kafa tsinke ko ɗaya sai harshen wuta ya kwanta, farin hayaƙin farko ya wuce. Sannan ya jera tsire a kewaye, nesa kaɗan da garwashi, yadda kitse zai ɗiga a toka maimakon cikin wuta. Mai banda ya fi shi haƙuri, domin shi zafi kaɗan yake so da hayaƙi na sa'o'i masu yawa, yana juya naman har ya yi ja ya tsane. Wajen sayen itace ma da dabara: a haɗa guda biyu a buga, busasshe zai yi ƙara, ɗanye ya yi shiru, sannan a duba bakin ko ya tsattsage.

Wannan haƙuri yana da tushe a kimiyya. Ɗanyen itace da kitsen da ke ƙonewa cikin wuta suna haifar da sinadaran da aka tabbatar suna jawo ciwon daji. Tun daga 2014 Tarayyar Turai ba ta yarda ɗaya daga cikinsu, benzopyrene, ya wuce mikirogiram 2 a kilon nama mai banda ba. Saboda haka busasshiyar darbejiya ta fi ɗanyen marke, kuma katako mai fenti, roba ko tsohuwar taya ba su da wuri ko wajen kunna wuta.

To ina za a samo itacen na ƙwarai? A ƙasar Gezawa, daga Jogana zuwa Tsamiya Babba, daga Babawa zuwa Wangara, babu daji, gona ce ta haɗe da gona. Masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya yi bincike a ƙauyen Tumbau, tare da William Adams sun nuna a littafinsu na 1999 yadda manoman wannan yanki ke kiwon bishiyoyi a cikin gona. Kafin nan, binciken da Mortimore ya yi da abokansa a kan makamashin Kano, wanda ya fito a 1990, ya gano cewa manoman kewayen birni ba su ƙarar da bishiyoyinsu ba, yawancin itacen birnin daga nesa motoci ke kawo shi. Ba abin mamaki ba ne: ɗorawa na ba da kalwa, tsamiya na kai kunu da kuɗi gida kowace shekara, gawo na takin gona ya ciyar da awaki da rani. Wanda ya kayar da su don wutar kwana biyu ya yi asara.

Shi ya sa hanyar da ta fi dacewa da mai nama a Gezawa ita ce ya ƙulla da manomi lokacin da ake rage rassa kafin damina, ya sayi rassan tsamiya ko bagaruwa, ya faskara, ya jinge su a inuwa watanni har su bushe. Marken da mota ta kawo, a tanade shi don banda, inda hayaƙi ne ke aikin. Tsire da balangu kuwa garwashin kowane busasshen itace mai tsabta ya ishe su. Da wannan rabo naman zai yi daɗi, mai ci ya tsira da lafiyarsa, bishiyar kuma ta sake toho baɗi.