Tauraron Teku da Danginsa: Yadda Jiki Mai Dama da Hagu Ya Koma Mai Kusurwa Biyar

Gabatarwa

Duk wanda ya tsaya bakin gadar Jimeta ko tafkin Geriyo ya dubi kamun masunta, zai ga tarwaɗa da karfasa da giwan ruwa. Kowanne yana da kai da wutsiya, kuma in aka tsaga shi a tsaye, ɓangaren dama daidai yake da na hagu. Haka ɗan Adam yake, haka akuya, haka fara. To amma akwai wani rukunin dabbobi da ya saɓa wa wannan tsari. Masana na kiran su ekinodam, kalmar Girkanci mai nufin masu fata mai ƙaya. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana yadda suka sami siffarsu, da kuma abin da ya haɗa su da ƙasarmu.

Su Wane ne Ekinodam?

Akwai kimanin nau'i 7,000 masu rai a yau, an kasa su gida biyar. Sanannu daga ciki su ne tauraron teku da bushiyar teku da kokwambar teku. Dukkansu a ruwan gishiri suke rayuwa, shi ya sa masuncin Binuwai bai taɓa kamo ko ɗaya ba. Don gane tsarin jikinsu, mai karatu ya tuna da kuɓewa. In an yanka ta a kwance, akan ga ɗakuna biyar kewaye da cibiya. Haka tauraron teku yake: baki a tsakiya ta ƙasa, hannuwa biyar a kewaye, ba gaba ba baya. Yana tafiya ne da ɗaruruwan ƙananan ƙafafu waɗanda ruwan cikin jikinsa ke miƙarwa.

Daga Ƙwai Zuwa Girma

A farkon ƙarni na 19, masanin nan na Faransa, Georges Cuvier, ya haɗa su aji ɗaya da wasu dabbobin teku masu jiki zagayayye. Ashe kama da wane ba ta wane ba ce. A shekarun 1840, wani Bajamushe, Johannes Müller, ya binciki 'ya'yansu, aka gane cewa abin da ke fitowa daga ƙwan wata 'yar mitsitsiyar tsutsa ce mai iyo, mai dama da hagu kamar sauran dabbobi.

Sauyin yana zuwa ne daga baya, kamar yadda talibambam ke rikiɗa ya zama kwaɗo, sai dai nasu ya fi tsanani. A gefen hagu na tsutsar akwai wata jaka. Ita ce ke lanƙwashewa ta zama zobe, ta fitar da rassa biyar, sabon jikin ya ginu a kansu. Yawancin tsohon jikin kuwa sai ya narke ko ya zube. Ke nan kusurwa biyar ɗin nan gini ne a kan tsohon harsashi mai dama da hagu. Nazarin ƙwayoyin gado ma ya nuna cewa sun fi kusa da dabbobi masu ƙashin baya a kan kusancinsu da ƙwari ko katantanwa.

Shaidar Duwatsu

Gawarwakin da suka daskare cikin duwatsu, masu shekara sama da miliyan 500, sun ba da irin wannan labari. A shekarar 2012, Samuel Zamora da abokan aikinsa sun bayyana wata halitta daga Sifen mai suna Ctenoimbricata, wadda ke da ƙashi irin na ekinodam amma jikinta mai dama da hagu ne. An sami wasu masu karkataccen jiki, da wasu masu rassa uku. A 2013 kuma aka bayyana Helicocystis daga Maroko, mai rassa biyar a murɗe. Masana da dama na ganin zama wuri ɗaya ne ya jawo sauyin, domin dabbar da ta manne a ƙasan teku, abinci da abokin gaba na iya zuwar mata ta kowace fuska.

To ina kan tauraron teku yake? A 2023, Laurent Formery da Christopher Lowe na Jami'ar Stanford a Amurka, tare da wasu, sun bi sawun ƙwayoyin gadon da ke gina kai da gangar jiki. Sun tarar da masu gina kai a tsakiyar kowane hannu, masu gina gangar jiki kuwa kusan babu su a fatarsa. Wato dai kusan dukkan dabbar kai ce mai rarrafe.

Alaƙarsu da Ƙasarmu

Kimanin shekara miliyan 90 da suka wuce, teku ya malalo cikin kwarin Binuwai. Shi ya bar dutsen da ake yin siminti da shi a wuraren Guyuk da Ashaka, ɗauke da ɓawon halittun ruwan gishiri. Daga baya wani tekun ya kwanta a ƙasar Sakkwato, inda ya bar dutsen Kalambaina. Tun a 1904, F. A. Bather na gidan tarihin halittu da ke Landan ya yi rubutu a kan bushiyoyin teku da aka tsinto a wannan yanki. Ɗaya daga cikinsu ita ce ake kira Linthia sudanensis a yau.

Abin sha'awa, wannan bushiya tana cikin waɗanda suka sake juyawa. Da kakanninta suka koma haƙa rami a cikin laka, sai bakin ya matsa gaba, mafitar kashi ta koma baya, dama da hagu suka dawo. Duk da haka zanen fure mai ganye biyar yana nan a gadon bayanta.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a fahimci cewa siffar tauraron teku ba alamar ƙarancin ci gaba ba ce, sabon tsari ne da ya biyo bayan sauyin rayuwa. Akwai kuma jan aiki a gaban ɗaliban Hausa. Kullum ana fasa waɗannan duwatsu ana niƙawa, alhali yawancinmu ba mu da ko sunan da za mu kira abin da ke cikinsu. Ya kamata mu haɗa kai da 'yan'uwanmu masu nazarin ƙasa da na halittu a Jami'ar Modibbo Adama, mu samar da kalmomin da ɗan firamare a Jimeta zai ji ya gane. Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani, amin.