Advaita: Tambayar da falsafar Hindu ke yi wa mai muƙami

A duk shekara idan 21 ga Yuni ta kewayo, Ofishin Jakadancin Indiya da ke Abuja kan gayyaci jama'a bikin Ranar Yoga ta Duniya, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a Disambar 2014, aka fara gudanar da ita a 2015. Mahalarta kan shimfiɗa tabarmi, su miƙe gaɓoɓi, su daidaita numfashi, sannan kowa ya kama gabansa. Galibinsu motsa jiki kawai suka ɗauki abin. Amma a ƙasar da yoga ta fito, tana tafe ne da doguwar muhawara kan hakikanin ɗan Adam, kuma mazhabar da ta fi yin suna a wannan muhawara ita ce Advaita Vedanta.

Hulɗar ƙasashen biyu ta kai matsayin da ya kamata a san wannan tunani. A Nuwambar 2024 Firaministan Indiya Narendra Modi ya ziyarci Abuja, inda Shugaba Bola Tinubu ya ba shi lambar girmamawa ta GCON. Jami'an gwamnati na zama teburi guda da tawagogin Indiya, 'yan Najeriya na zuwa can neman magani da ilimi, ƙasar Hausa kuwa ta shafe shekaru tana kallon finafinansu. Duk da haka, kaɗan ne suka san abin da malamansu ke koyarwa game da rai.

A harshen Sanskirit, Advaita na nufin "ba biyu ba", Vedanta kuma "ƙarshen Veda", wato littattafan Upanishad. Wanda ya tsara wannan mazhaba shi ne Adi Shankara, malamin da ya rayu wajen ƙarni na 8. Ruwayoyin mabiyansa sun ce an haife shi a Kalady, cikin jihar Kerala ta yau, ya rasu yana da shekara 32, ya kuma kafa cibiyoyi huɗu: Sringeri a kudu, Dwarka a yamma, Puri a gabas, Jyotirmath a arewa.

Koyarwarsa ita ce hakika guda ce tak, sunanta Brahman, kuma Atman, wato ainihin ran mutum, ba wani abu ba ne daban da ita. Yawan abubuwan da ido ke gani ya samo asali ne daga rashin sani. Misalin da suka fi bayarwa shi ne na mutumin da ya ga igiya da magariba ya zaci maciji ne. Tsoronsa na gaske ne, gumin da ya karyo masa ma haka, amma da an kawo fitila sai ya gane tun farko igiya ce. Haka, a cewarsu, mutum ke ɗora wa kansa jiki da suna da matsayi, ya ɗauka su ne shi.

Hanyar warware kuskuren mataki uku ce: sauraro daga malami, auna abin da aka ji da hankali, sai dogon nazari har ya zauna a zuciya. Ƙa'idar da suke bi ita ce duk abin da mutum zai iya kallo, to ba shi ne mai kallon ba. Jiki yana tsufa, tunani yana zuwa ya wuce, farke da mafarki da barci mai nauyi suna karɓa-karɓa, amma shaidar da ke sane da su duka ba ta sauyawa. Gane wannan shaidar shi suke kira 'yantuwa.

Ramana Maharshi, wanda aka haifa a 1879, ya taƙaita hanyar a tambaya ɗaya: wane ne ni? A 1896, yana ɗan shekara 16 a Madurai, tsoron mutuwa ya kama shi, ya kwanta kamar gawa yana binciken abin da ke mutuwa da abin da ke saura. Daga nan ya tafi Tiruvannamalai, bai bar garin ba har rasuwarsa a 1950.

Tambayar ba baƙuwa ba ce ga ma'aikacin tarayya. Dokar aikin gwamnati ta yanke cewa da shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, sai ritaya. Ranar da takarda ta iso, motar ofis da direba sukan koma, masu "ranka ya daɗe" su ragu, waya ta yi shiru. Hadimin ɗan siyasa ma bai da wannan wa'adin, domin muƙaminsa na ƙarewa ne tare da na maigidansa. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Wanda ya shekara 35 yana amsa sunan kujerarsa yakan wayi gari yana neman sanin abin da ya rage masa.

Akwai masu sukar cewa idan duniya ruɗi ce, to amana da hisabi sun faɗi ke nan. Malaman mazhabar sun amsa da cewa gaskiya hawa biyu ce: ta ƙoli, da ta mu'amalar yau da kullum, wadda dokokinta ke kan kowa muddin yana raye cikinta. Sun kuma gindaya kame kai da gudun kwaɗayi a matsayin sharaɗin fara karatun. Swami Vivekananda, wanda ya kai wannan koyarwa Amurka a taron addinai na Chicago a 1893, ya kafa Ramakrishna Mission a 1897, ƙungiyar da ke gudanar da asibitoci da makarantu, bisa hujjar cewa wanda ya ga kansa a cikin kowa ba zai cuci kowa ba.

Koyarwar ta iso Afirka ta Yamma. Swami Ghanananda Saraswati, ɗan ƙasar Ghana da ya yi karatu a Rishikesh, ya jagoranci cibiyar zuhudun Hindu da aka kafa a Odorkor, birnin Accra, a 1975, har rasuwarsa a 2016.

Sai dai ko a Indiya ba a haɗu a kanta ba. Ramanuja ya ce rai ɓangare ne mai dogaro da Ubangiji, Madhva kuma a ƙarni na 13 ya ce har abada mai bauta daban, abin bauta daban. Littafin Patanjali, tushen yoga, shi ma hakika biyu ya tabbatar.

Malaman Musulunci sun daɗe da sanin wannan fage. Al-Biruni ya fassara littafin Patanjali zuwa Larabci, ya kuma rubuta littafinsa kan Indiya wajen 1030. Dara Shikoh, ɗan sarkin Mughal Shah Jahan, ya fassara Upanishad zuwa Farisanci a 1657, yana ganin kusancinsu da sufanci. A 1659 ƙaninsa Aurangzeb ya sa aka kashe shi a rikicin sarauta, bisa tuhumar ridda. Kafin su, Shaihu Ahmad Sirhindi, wanda ya rasu a 1624, ya ce kaɗaitakar da sufi ke gani a halin fana'i gani ne kawai, bawa yana nan bawa, Mahalicci yana nan Mahalicci.

A nan ne hanya ta rabu. Tauhidin Musulunci da aƙidar Kirista duk sun bambanta Mahalicci da halitta, don haka amsar Shankara ba za ta karɓu ga galibin mazauna Abuja ba. Tambayar da ya taso da ita kuwa tana nan, kuma kowane mai muƙami zai gamu da ita ranar da ya miƙa makullin ofis.