Harshen Gidan Abinci: Leƙawa Cikin Gidajen Abincin Birnin Napoli

Gabatarwa

Da yawa daga cikinmu mun fara jin sunan Napoli ne ta dalilin ƙwallon ƙafa, musamman a shekarar 2023, lokacin da Victor Osimhen ya taimaka wa ƙungiyar garin ta ɗauki kofin gasar Italiya bayan shekara 33 tana nema. To amma ɗalibin Hausa yana da wata alaƙa da wannan gari wadda ta girmi Osimhen. A can ne Jami'ar L'Orientale take, wadda asalinta ya faro tun 1732, kuma Hausa na daga cikin harsunan Afirka da aka daɗe ana koyarwa a cikinta. Farfesa Sergio Baldi, wanda ya yi ƙamusun Hausa da Italiyanci, a nan ya yi aikinsa. Saboda haka ba abin mamaki ba ne wata rana ɗayanmu ya tsinci kansa a garin, ko don taro ko don ƙaro ilimi. Idan kuwa ya je, dole ya ci abinci.

Abin da wannan ɗan rubutu yake son nunawa shi ne, takardar jerin abincin da ake miƙa wa mutum a gidan abincin Italiya harshe ce mai nata nahawu. Wanda ya iya karanta ta zai ci abin da yake so, ya biya kuɗin da ya dace. Wanda bai iya ba kuwa, yana iya biyan ninki, ko ya tashi da yunwa, ko ma ya ci abin da addininsa ya hana shi alhali bai sani ba. Ko da mutum bai taɓa barin Nijeriya ba, waɗannan kalmomi ne zai tarar a gidajen abincin Italiya na Legas da Abuja.

Garin da gidajensa

Napoli, wadda Ingilishi ke kira Naples, tana bakin Bahar Rum ne a kudancin Italiya, kuma ita ce birni na uku a girma bayan Roma da Milan. Sunan daga Girkanci yake, ma'anarsa "sabon gari", ko da yake yau ta haura shekara 2,500. Dutsen Vesuvio mai aman wuta, wanda ya binne garin Pompei a shekara ta 79 Miladiyya, yana nan tsaye a gabas da ita.

Ba kowane wurin cin abinci ake kira ristorante ba. Wannan suna na babban gida ne mai tsada. Trattoria ita ce ta iyali, inda ake girki irin na gida da rangwame, kuma a ganina nan ya fi dacewa da aljihun ɗalibi. Pizzeria sunanta ya bayyana ta. Friggitoria kuwa wurin soye-soye ne, inda ake zuba wa mutum soyayyun ƙananan kifaye a cikin takarda da aka naɗe kamar mazurari, su kan kira shi cuoppo, ya riƙa ci yana tafe kamar yadda muke yi da ƙosai. Kalmar bar ma kada ta firgita kowa: wurin shan gahawa ne da karin kumallo, duk da cewa akwai barasa a kan kanta.

Sai maganar lokaci. Mutanen Napoli ba sa cin abincin dare da magariba. Yawancin gidajen suna rufe kicin wajen ƙarfe 3 na yamma, ba za su buɗe ba sai 7 ko 7:30, kuma ba sa cika sai an haura 8:30. Wanda ya je ƙarfe 5 da yunwarsa, ƙofa zai tarar a rufe.

Yadda ake karanta takardar

A nan Bahaushe ya fi Bature ɗan Ingila sa'a. Harafin c idan ya zo kafin e ko i, Italiyanci na furta shi daidai da c ta Hausa, don haka cena, wato abincin dare, yadda muka gan ta haka za mu karanta. Idan an sa h bayan c sai ta koma k, shi ya sa bruschetta ake cewa "brusketta". Haɗuwar g da n na ba da "ny", wato gnocchi "nyokki" ne. Bugu da ƙari, Italiyanci na bambanta baƙi ɗaya da baƙi mai ruɓanya kamar yadda muke bambanta baba da babba. A kula da wannan ƙwarai wajen neman taliyar da ake kira penne, domin idan aka sauke n ɗaya, kalmar da za ta fito ba a faɗinta gaban surukai. Hatta jinsi akwai kama: yawancin sunayen da suka ƙare da a mata ne, kamar a Hausa. Inda muke tuntuɓe shi ne p, wadda bakinmu ke mayarwa f, har pizza ta zama "fiza". Su kuwa "pittsa" suke cewa.

Takardar a jere take bisa tsarin yadda ake ci. Antipasto ke fara zuwa, ma'anarsa "kafin abinci". Sai primo, na farko, wanda taliya ce ko shinkafa ko miya. Sai secondo, na biyu, nama ko kifi. Sai contorno, wato ganye ko dankalin da ke raka naman, sannan dolce, kayan zaƙi. Ba dole ba ne a ci duka. Su kansu 'yan gari kan tsaya a kan biyu. Amma ga inda baƙo yake faɗawa rami. Mu a wurinmu abinci shi ne tuwo da miya da nama a kwano ɗaya. A can idan ka nemi secondo na kifi, kifin kaɗai za a kawo maka da ɓarin lemun tsami a gefe, babu shinkafa babu dankali sai ka nema daban. Haka kuma ba a ɗora nama a kan taliya. Sai an gama da ita an ɗauke faranti, sannan naman ya zo.

Sunayen taliyar kansu abin nazari ne ga mai sha'awar ginin kalma. Spago igiya ce, spaghetto 'yar igiya, spaghetti jam'inta. Vermicelli ƙananan tsutsotsi ne, linguine ƙananan harsuna, farfalle kuwa malam-buɗe-littafi. Duk da siffa aka raɗa musu suna. Mu kuma da muka tattara su duka muka kira su taliya, jama'a da dama na danganta kalmar da sunan ƙasar Italiya. Za a kawo ta al dente, wato "ga haƙori", da ɗan tauri a tsakiya. Kada a mayar da ita a ce ba ta nuna ba, haka ake son ta.

Sunaye masu yaudara

Pizza marinara tana ɗauke da sunan ma'aikatan jirgin ruwa, amma ko ƙayar kifi babu a cikinta: tumatir ne da tafarnuwa da man zaitun da wani ganye mai ƙamshi da ake kira origano. Miyar genovese sunan birnin Genova take ɗauke da shi, alhali girkin Napoli ce, albasa mai yawa da nama da ake dafawa awoyi har albasar ta narke. Wanda ya saba da pepperoni na gidajen pizzar Amurka, wato yankakken naman da ake jerawa a kai, in ya nemi peperoni a Italiya tattasai za a ba shi. Wanda kuma ya ce a ba shi latte yana nufin gahawa da madara, kofin madara zalla zai gani a gabansa.

Pizzar Napoli ta fi kama da gurasar Kano da aka ciro daga tanderu fiye da irin wadda ake sayarwa a kwali. Tsakiyarta siririya ce mai laushi, bakinta a kumbure da ɗigo-ɗigon ƙuna. Ƙungiyar da aka kafa a 1984 don kare asalinta ta shimfiɗa cewa da itace za a gasa ta, a zafin da ya kai kimanin digiri 485, na daƙiƙa 60 zuwa 90 kacal. A 2017 UNESCO ta sa sana'ar masu yin ta cikin al'adun duniya da ake tattalinsu. Kowa tasa ake kawo masa, ba a yanka ba, ya ci da wuƙa da cokali mai yatsu, ko ya naɗe ta gida huɗu idan a kan titi ya saya. Margherita, mai tumatir da cukun mozzarella da ganyen ɗoɗɗoya, ana ba da labarin cewa Raffaele Esposito ne ya yi wa Sarauniya Margherita ita a 1889 da launukan tutar ƙasar. Masana tarihi dai sun nuna ana yin irinta tun kafin wannan shekara. Shi cukun fari ne mai taushi, kusa da warar da Fulani ke sayarwa a ƙasar Yarbawa, sai dai ya fi ta yauƙi idan ya ji wuta.

Alade mai sunaye da yawa

Ga ɗalibi Musulmi, wannan ne sashen da ya fi kowane muhimmanci. Sunan alade maiale, amma da wuya a ga kalmar a takarda, domin kowane sashe na jikinsa da sunansa. Prosciutto cinyarsa ce da aka sa wa gishiri. Pancetta naman ciki ne, guanciale na kumatu, kuma shi ake sa wa carbonara da amatriciana. Salame da salsiccia niƙaƙƙen namansa ne da aka ɗura. Wannan ya sa pizza diavola da capricciosa suka fita daga lissafi. Waɗannan ma da sauƙi tunda ido na ganinsu. Mai wuyar shi ne kitsen, wanda Italiyanci ke kira strutto, mutanen Napoli kuma su ce sugna. A al'adance da shi ake murza sfogliatella, wani abin zaƙi mai ɓawo falle-falle da garin ya yi suna a kansa, kuma da shi ake yin taralli masu masoro da ake sayarwa a bakin teku. Soyayyar pizza, wato pizza fritta, galibi akwai cicoli a cikinta, wato ƙanzon kitsen alade. Miyar ragù, wadda ita ce miyar Lahadi a gidajen garin, yawanci naman sa ne haɗe da na alade da giyar inabi.

Shi ya sa cewa "non mangio maiale", ba na cin alade, ba ta wadatarwa. Mai kawo abinci yana iya amsawa da zuciya ɗaya cewa babu, don shi a ransa tsokar nama kake nufi, bai kawo kitse a lissafi ba. Sai an ambace su da sunayensu: "senza prosciutto, senza pancetta, senza strutto." Senza tana nufin "ban da", kuma in kalma ɗaya ce mutum zai haddace kafin ya hau jirgi, to ita ce. Matambayi ba ya ɓata.

Barasa ma haka take ɓuya. Babà, wani soso mai zaƙi da ake alfahari da shi a garin, a cikin giyar rum ake jiƙa shi. Caffè corretto, "gyararriyar gahawa", gyaran nata barasa ce. Idan an gama cin abinci kuma mai gida ya kawo wani abu rawaya a ɗan ƙaramin kofi kyauta, ba ruwan lemo ba ne, limoncello ne, kuma yana da ƙarfi. A yi godiya a mayar.

To me ya rage? Da yawa. Teku na nan a bakin ƙofa, kuma a mazhabar Malikiyya abin da ya fito daga teku halal ne. Akwai gasasshen kifi, pesce alla griglia. Akwai gamberi, wato jatan lande. Akwai spaghetti alle vongole, taliya da wasu ƙananan halittun teku masu ɓawo biyu, sai dai a ce "senza vino" domin wasu masu girki kan zuba farar giya. Margherita da marinara ba su da nama sam. Abu ɗaya kawai: kada a nemi a barbaɗa cuku a kan taliyar kifi, wannan a wurinsu kamar zuba sukari ne a miyar kuka. Amma share miyar faranti da burodi ba abin kunya ba ne a trattoria, har suna gare shi, scarpetta, "ɗan takalmi". Mu suɗe kwano muke cewa.

Lissafi

Ba a kawo takardar kuɗi sai an nema, domin kawo ta ba a tambaya ba tamkar korar baƙo ne. Sai ka ce "il conto, per favore". A ciki za ka ga coperto, kuɗin zama da burodi, yawanci yuro 1 zuwa 3 a kan kowane mutum. Ba cuta ba ce muddin an rubuta shi a takardar abinci. Ruwan sha ma na kwalba ne kuma da kuɗi, za a tambaye ka naturale ko frizzante, wato zalla ko mai gas. Ba dole ba ne a bar wa ma'aikaci wani abu a kai, ko da yake ana barin 'yan canji.

Inda ya kamata a buɗe ido shi ne kifi, musamman a gidajen da ke kallon teku a titin Via Partenope da unguwar Borgo Marinari. Idan an rubuta "all'etto" a gefen farashi, ana nufin kuɗin giram 100 ne, ba na kifin duka ba. Alal misali, in an rubuta yuro 7 kuma kifin ya kai giram 600, yuro 42 ke nan. Mai hankali kan ce a auna a gaya masa kafin a ɗora a wuta.

Da gahawa ake rufewa, kuma caffè kawai ake cewa, a kawo baƙa mai ƙarfi wadda ba ta wuce kurɓi biyu ba, tare da kofin ruwa da ake sha kafin ta. Cappuccino na safe ne. Ba za a hana ka shi da dare ba, amma an gane kai baƙo ne. A tsaye a bakin kanta ta fi araha a kan zama a tebur. A wasu wuraren za ka ji wani ya sha ɗaya ya biya biyu ya ce ɗayar sospeso ce, wato "ratayayya". Can anjima wanda ba shi da ko sisi zai leƙo ya tambaya ko akwai ratayayya, in akwai a zuba masa, ba tare da ya san wanda ya biya ba.