Kuɗinka A Cikin Waya: Ka San Hakkinka?

Kafin shekarar 2001, in mutum yana so ya ji lafiyar ɗansa da ke aiki a Ikko, sai ya rubuta wasiƙa ya zauna jiran amsa. In kuɗi zai aika, sai ya nemi direban da ya amince da shi a tasha. A cikin watan Agusta na wannan shekara aka soma wayar hannu ta GSM a Nijeriya. Yau da wuya ka shiga gidan da ba ta. Da ita muke gaisawa, da ita muke biyan kuɗin makarantar yara, da ita muke aika wa tsofaffinmu na cefane a ƙauye. Lokacin da takardun naira suka yi wuya a farkon 2023, har waɗanda ba su yarda da kuɗin da ba a gani da ido ba, tilas suka koya.

Amma kowane sabon abu yana zuwa da nasa ciwon kai. Uwargida ta sa katin naira 500 da safe, kafin yamma ya ƙare, ba ta kuwa kira kowa ba. Maigida ya aika kuɗin jarrabawar yarinya, an cire daga ajiyarsa, makaranta ta ce ba ta gani ba, ga ranar rufewa ta matso. Yawancinmu sai mu ce, "Sai haƙuri." Haƙuri abu ne mai kyau, amma ba a ce mutum ya bar guminsa ya zube a banza ba. Kai ne kake biya, doka kuwa ta ba mai biya hakki.

Su wa ke tsaron hakkinmu?

Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, watau NCC, ita ce ke bisa kamfanonin waya. An kafa ta a 1992, aka ƙarfafa ta da sabuwar doka a 2003. Babban Bankin Nijeriya shi ke bisa bankuna da kamfanonin da ke ajiye kuɗi a waya, yana kuma da sashe na musamman domin sauraron ƙarar masu ajiya. Akwai kuma hukumar NDIC mai inshorar ajiya. Tun 2024, in babban banki na kasuwanci ya rushe, inshorar takan kai naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya, ta ƙananan bankuna kuwa naira miliyan 2. Saboda haka, kafin ka zuba kuɗinka a wani kamfani, ka tambaya ko yana da lasisin Babban Banki. Matambayi ba ya ɓata.

In kati yana ƙarewa ba dalili

Sau da yawa abin da ke cin katin shi ne waƙar kira, ko labarin ƙwallo, ko wani wasan caca da aka sa wa layinka. Wani lokaci yaro ne ya danna bai sani ba. A 2023 NCC ta daidaita gajerun lambobi, ya zama iri ɗaya ne a kowane kamfani. Ka rubuta su a bayan kalanda:

300, domin magana da ma'aikatan kamfaninka.
*310#, domin duba sauran kuɗin kati.
*323#, domin duba sauran data.
*305#, domin tsai da abin da ake cire maka kuɗi a kansa.

In saƙonnin talla sun dame ka, ka rubuta STOP ka aika zuwa 2442. Tun 2016 aka buɗe wannan hanya, kyauta ce.

In kana da ƙara, ka fara kai wa kamfaninka. Kada ka ajiye waya sai sun ba ka lambar ƙararka, gama ita ce shaidarka. In ba su share maka hawaye ba, ka kira 622. Wannan layin NCC ne, ba a biyan ko kwabo, za su kuwa tambaye ka lambar nan. In ma ka gaji da kamfanin gaba ɗaya, tun 2013 kana da iko ka koma wani kamfani ba tare da ka sake lambar da mutane suka san ka da ita ba.

In kuɗi sun maƙale

A 2020 Babban Banki ya yanka wa bankuna wa'adi. In na'urar ATM ta bankinka ta ci kuɗi ba ta ba ka ba, a mayar nan take, in an daɗe cikin awa 24. In ta wani banki ce, awa 48. In a wurin mai POS ne, awa 72.

To, me za ka yi? Da fari, kada ka bar wurin sai ka karɓi rasit, ko da an rubuta cewa cinikin bai yi ba. Na biyu, kada ka share saƙon da ya nuna an cire kuɗin. Na uku, kada ka tsaya faɗa da yaron da ke riƙe da na'urar. Sau da yawa kuɗin ba su shiga wurinsa ba, suna tsakanin bankuna. Bankinka ne zai bi maka sawu. Ka je ka kai ƙara a rubuce, da rana da lokaci da yawan kuɗin, ka karɓi lambar ƙara. In mako biyu ya wuce ba a yi kome ba, ka rubuta wa sashen kare masu ajiya na Babban Banki, ka haɗa da waɗannan shaidu. Takarda ba ta mantuwa, baki kuwa yakan musa.

Ɓarawon zamani ba ya haura katanga

Yakan kira ka da murya mai daɗi, ya faɗi sunanka daidai, ya ce daga banki yake, za a rufe ajiyarka yau in ba ka karanta masa lambobin katinka ba. Ka kashe wayar. Banki na gaskiya ba ya tambayar lambar sirrinka, ko lambar nan da ake turo maka ta saƙo lokacin ciniki. Lambarka ta BVN da ta NIN, kowace mai alƙaluma 11, ba abin faɗa wa baƙo ba ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

In wayarka ta ɓace, kada ka kwana. Ka sanar da banki su rufe ajiyar, ka sanar da kamfani su rufe layin. Ka tuna kuma, layin da ya daɗe ba a amfani da shi, kamfani yakan ba wani lambar. In ka yar da tsohon layi, ka je banki a cire shi daga ajiyarka.

Namu nauyin

Mai neman hakkinsa sai ya kiyaye na wani. In aka yi kuskuren lamba kuɗin wani suka faɗo cikin ajiyarka, ba tsintuwa ba ce, ba rabo ba ne. Wataƙila kuɗin asibitin wani yaro ne. Ka sanar da banki su mayar wa mai su. Kada ka tura da kanka ga wanda ya kira ka kawai, domin macuta ma suna aika saƙon ƙarya. In kai ne mai POS, ka faɗi ladanka tun kafin a sa kati. In ka je kai ƙara, ka yi magana da ladabi, gama ma'aikaciyar da ke gabanka ba ita ta ɗauki kuɗinka ba.

Iyaye, ku zauna da iyalinku wata maraice ku bi waɗannan abubuwa ɗaya ɗaya. Samari da 'yan mata da suka iya waya, ku koya wa kakanninku, amma ku bar masu lambar sirrinsu. Wanda ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa, ba a cika cin guminsa ba.