Takardarka Ce Take Riga Ka Shiga Ofis

Tun da aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero a 2006, kowace shekara 'ya'yanmu suna fitowa da takardun shaida a hannu. Haka nan a Jega, inda ake koyar da aikin kiwon lafiya. Masu neman aiki sun yi yawa, guraben kuwa kaɗan ne. Kafin mai ɗaukar ma'aikata ya ga fuskarka, sai ya fara ganin takardar tarihin karatunka da aikinka, wadda ake kira CV. Ita ce take gaishe shi a madadinka.

Mun lura matasanmu suna yin kuskure iri biyu. Na fari, suna raina aikin da suka riga suka yi. Saurayi ya yi shekara uku yana riƙe wa kawunsa lissafin buhunan albasa a Aliero, yana biyan masu lodi, yana sallamar motoci zuwa kudu, amma da ya zo rubutu sai ya ce bai taɓa aiki ba. Budurwa a Maiyama ta koyar a makarantar Lahadi, ta zama ma'ajin zumuntar matasa, kobo bai ɓace ba, ita ma ta yi shiru. Kaito! Wannan duka aiki ne. Ku rubuta shi, ku faɗi shekarun, da yawan buhunan, da yawan yaran. Mai ofis yana neman wanda aka taɓa ba amana ya riƙe.

Kuskure na biyu ya fi muni, wato ƙarin gishiri. Waɗansu sukan rage shekarun haihuwa, waɗansu su rubuta gwanintar da ba su da ita. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ranar da aka jera takardar firamare da ta sakandare da ta bautar ƙasa, shekarun za su tona asiri. Aiki ya tafi, sunan gida ya ɓaci, an kuma ɓata sunan Ubangiji da muke ɗauke da shi. Mu tuna da Yusufu a Masar. Amincinsa a gidan Fotifar da cikin kurkuku shi ya riga shi zuwa gaban Fir'auna.

Saboda haka, takardar kada ta wuce shafi biyu. Sunanka ya zama daidai da yadda yake a takardun makaranta. Sa lambar wayar da take aiki. Fara da aikin da ka yi kwanan nan. Nemi iznin fasto ko malaminka kafin ka sa sunansa cikin masu shaidarka. Ba wani ya karanta ya gyara.

Iyaye, mu zauna da 'ya'yanmu mu tuna musu abin da suka yi, gama sau da yawa mu muka fi su tunawa. Sa'an nan mu yi addu'a tare, su kai takardar.