Mai Ba da Hayar Kayan Aiki: Ta Ina Ribarsa Ke Fitowa?

Mu fatake da ke zaune a Akra, Kumasi ko Kwatano mun san haya ciki da waje, daga ta shago zuwa ta tirela da janareta. To, akwai kamfanonin da hayar ce sana'arsu kacokan. Ɗaya daga cikinsu shi ne C&I Leasing na Legas, wanda aka kafa a 1990, kuma yana da reshe a Gana mai suna Leasafric. Suna sayen motoci da jiragen ruwan da ke yi wa kamfanonin mai hidima a teku, su ba da su haya, wani lokaci har da direbobi.

Na daɗe ina bin rahoton irin waɗannan kamfanoni, kuma abin da na gane shi ne, yawan ciniki ba shi ne riba ba. Galibin kayan nan da bashin banki ake sayensu. Idan kuɗin haya ya shigo, sai an cire ruwan banki, da gyara, da inshora, da darajar da kayan ke rasawa saboda tsufa. Abin da ya rage shi ne nasu.

Dubi shekarun nan. A farkon 2023 dala tana kusan Naira 460 a farashin gwamnati. A 2024 ta haura 1,500. Babban Bankin Najeriya ya kai kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin ɗari a ƙarshen 2024. A Gana kuwa, tsadar kaya ta wuce kashi 50 a Disambar 2022. Kamfanin da ya ci bashin dala yana karɓar haya da Naira ko Sidi, ya shiga uku. Wanda jirginsa ke kawo masa dala kuma, ya samu inuwa.

Wannan lissafin ya shafe mu, 'yan'uwa, domin duk nauyin da ya hau kansu, a kuɗin hayarmu zai sauka. Kafin ka sa hannu kan hayar mota ko injin niƙa, tambayi abu uku: da wane kuɗi zan biya? Gyara a wuyan wa yake? In wa'adi ya cika, kayan ya zama nawa ko zan mayar? In cinikinka da Sefa ne, kada ka yarda a rubuta maka haya da dala.