Mai Hoton Biki: A Bincike Shi Kafin A Buɗe Masa Ƙofa

Idan kaka ta yi, aka kwashe shinkafa daga fadamar Rima, kuɗi suka shigo hannun jama'a, sai katunan gayyata su fara yawo tsakanin Birnin Kebbi da Argungu. Iyaye kan shafe watanni suna shiri. A haɗa lefe, a tanadi kayan ɗaki, a fitar da anko, a yi lissafin buhunan da za a dafa. Kafin wannan duka an riga an yi abin da ya fi komai muhimmanci, wato bincike: an tambayi asalin yaro da halinsa da sana'arsa, su ma dangin ango sun tambayi tarbiyyar gidan da za su ɗauko mata. Amma akwai mutum ɗaya da zai shiga har tsakar gida a ranakun bikin, ya ga abin da maƙwabta ba su gani ba, ya kuma tafi da shi a aljihu, wanda ba a cika tunawa da shi ba sai ana saura mako guda. Shi ne mai hoto. Sau da yawa abokin ango ne zai ga shafin wani a Instagram, ya kira shi, a yi ciniki ta waya, shi ke nan. A ganina wannan sakaci ne, domin aikin mai hoton biki amana ce kafin ta zama sana'a, kuma wanda za a ba amana bincikensa ake yi.

Mu fara da darajar abin da ake ba shi. Mutanen Argungu sun fi kowa sanin ƙarfin hoto. Bikin kamun kifi, wanda ake danganta farkonsa da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a shekarar 1934, ya shiga jerin al'adun duniya na UNESCO a 2016, kuma mafi yawan waɗanda suka san shi a ƙasashen waje ba su taɓa taka bakin kogin Matan Fada ba. Hoton dubban masunta suna rugawa cikin ruwa da gora da homa shi ne ya kai musu labari. Gidan tarihi na Kanta ma, wanda tsohuwar fada ce da aka gina a 1831, yana tsaye ne a kan tunanin cewa abin da aka adana shi ne jikoki za su gada. Kowane gida yana da nasa ƙaramin gidan tarihi, wato kundin hotunan biki. Abinci zai ƙare a ranar, atamfa za ta koɗe, kujeru za su tsufa, amma a cikin wannan kundi ne yaro zai ga fuskar kakarsa da ta rasu kafin a haife shi. Haka ma a Bamako ta ƙasar Mali, Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagon hotonsa a 1948, da Malick Sidibé, wanda ya yi ta zagaya bukukuwa da kyamara har ya samu babbar lambar yabo a birnin Benis na Italiya a 2007, sun shahara ne da hotunan talakawa a ranakun farin cikinsu. Da ba su adana asalin hotunan da kyau ba, da duniya ba ta san su ba, da iyalai da yawa sun rasa fuskokin iyayensu.

Sai kuma abin da mai hoto yake gani. A al'adarmu baƙon namiji iyakarsa zaure. Amma ranar sa lalle da ranar kamu da wunin biki, mai kyamara kan wuce zaure, ya ratsa tsakar gida, wani lokaci har ɗakin da ake yi wa amarya kwalliya. Yana ganin matan aure sun saki jiki a cikin 'yan'uwansu, yana ganin amarya tana kuka a ƙafar mahaifiyarta daren da za a kai ta. Waɗannan abubuwa na cikin gida ne. Yanzu kuwa kasuwar mai hoto tana kan Facebook da Instagram da TikTok, kuma tallarsa ita ce hotunan bikin da ya gabata. Idan ba a yi magana da shi tun farko ba, kafin amarya ta kwana uku a ɗakinta bidiyon rawarta ya zagaya gari, mutanen da ba su san ta ba suna tofa albarkacin bakinsu a ƙasa. Abin da ya hau intanet kuwa ba ya saukowa, ko an goge shi wani ya riga ya sauke a wayarsa. Saboda haka tambaya ta farko ita ce ta mutunci. A nemi gida biyu ko uku da ya yi wa aiki, a tambaye su ko ya sa hotonsu ba da izini ba, ko ya zo da ayarin samari da ba a gayyata ba, ko yana jin magana idan aka ce masa nan ba a ɗauka. Inda aka samu mace mai wannan sana'a, ita ta fi dacewa da tarukan mata, namiji kuma ya tsaya wajen ɗaurin aure da walimar maza.

Mutane da yawa suna zaton da zarar sun biya kuɗi, hoton ya zama nasu ta kowace fuska. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana ba wanda ya ɗauki hoto haƙƙin aikinsa tun farko, sai dai idan an yi wata yarjejeniya. Amma dokar ta kuma ba wanda ya sa aka ɗauki hoto don amfanin kansa da iyalinsa damar amfani da shi, da damar hana a yaɗa shi ga jama'a. Akwai kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Duk da haka babu iyalin da ke son zuwa kotu a kan hoton 'yarsu, kuma rigakafi ya fi magani. Takarda guda ta wadatar: ranaku da wuraren da zai halarta, mutum nawa zai zo da su, yawan hotunan da zai bayar da ranar bayarwa, nawa za a ba shi kafin alƙalami da nawa za a cika bayan an karɓi aiki, sannan a rubuta ƙarara cewa ba zai sa ko hoto ɗaya a shafinsa ba sai ango da amarya sun gani sun amince. Wani zai ce rubutu tsakanin mutanen gari ɗaya alamar rashin yarda ce. Amsar ita ce ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, tana magana ne a kan rubuta bashi tsakanin muminai. Rubutu yana kare zumunci, kuma yana kare shi kansa mai hoton daga masu cinye masa cikon kuɗi bayan biki ya watse.

Bayan mutunci sai ƙwarewa, ita ma tana da hanyar gwaji. Hotuna goma da mutum ya zaɓa ya sa a shafinsa ba sa nuna komai, domin ko ɗan koyo idan ya ɗauki dubu zai samu goma masu kyau. A ce ya nuna biki guda cikakke, wanda masu shi suka yarda a nuna, tun daga lalle har kai amarya. A nan za a ga yadda yake da haske, wanda shi ne ginshiƙin sana'ar. Ɗaurin aure a yankinmu yawanci da hantsi ne ko bayan sallar Juma'a, rana tana tsaka, maza sanye da farar shadda. Kyamara idan ta bi farin riga sai fuska ta yi duhu, idan ta bi fuska sai aikin babbar riga ya ɓace cikin haske. Gwani ne kaɗai ke fitar da duka biyun, ya san ya ja mutane inuwar rumfa ko ta darbejiya, ya san yadda zai cike inuwar da hula ke jefawa a ido. Da dare kuma matsalar ta juya: fitilu masu launi, ko hasken janareta mai rawa, ko ɗaukewar wuta ana tsakiyar taro. A hunturu ga ƙura da ke dusashe komai, a bazara ga zafin da ke narkar da kwalliya. A duba kuma launin fata. Wasu suna goge fuska a kwamfuta har amarya ta yi fari fat, danginta ma sai sun ƙura ido kafin su gane ta. Wannan lalata tarihi ne, domin jikokinta kamanninta na gaskiya suke bukata.

Ƙwarewa ta haɗa da sanin al'ada. Mai hoton kirki ya san waliyyi da wakilin ango, ya san lokacin da ake ambaton sadaki da lokacin da ake shafa fatiha, ya kuma san ba a sake waɗannan don kyamara. Ba ya gitta gaban liman, ba ya tsallake dattawa, ba ya tsayar da addu'a wai a gyara tsayuwa. Ya san goggo da inna da kaka su ne za a fi neman hotonsu nan da shekara ashirin, ba ya ƙare katinsa a kan ƙawaye kaɗai. A nan ɗan gari yakan fi wanda aka ɗauko daga Abuja ko Legas da tsada, wanda zai iya zuwa da manyan na'urori amma bai san wa ake fara gaisarwa ba. Haka nan a tambaye shi batun ajiya: kyamara nawa yake zuwa da su, batir nawa, kuma a wuri nawa yake kwafe hotunan daren da ya koma gida. Katin ajiya yana lalacewa, kwamfuta tana mutuwa, ana sace waya. Kada a yarda a karɓi aiki ta WhatsApp kaɗai, domin idan aka tura hoto ta hanyar da aka saba yana matse shi ya rage masa inganci. A karɓi asalin hotunan a filas, a kwafe su wuri biyu, a kuma wanke waɗanda suka fi muhimmanci a takarda.

Akwai masu cewa yanzu kowa yana da waya mai kyamara, me zai sa a biya wani? Gaskiya ne wayoyin yau suna ɗaukar hoto mai kyau da rana. Amma mai waya baƙon biki ne, yana gaisawa, yana cin abinci, yana ɗaukar abokansa. Babu wanda aka ɗora wa alhakin kasancewa a wurin da ya dace a lokacin da ya dace, kuma abin da aka bar wa kowa ba na kowa ba ne. Ƙari a kan haka, wayoyi ɗari a cikin taron mata su ne babbar ƙofar da sirrin gida ke fita. Iyalin da suka ɗauki mai hoto guda amintacce suna da bakin roƙon baƙi su ajiye wayoyinsu a wasu lokuta, tunda an san akwai inda za a samu hoton daga baya.

Wasu kuma za su ce wannan ƙarin almubazzaranci ne a lokacin da tsadar aure ke hana matasa yin sa. Wannan magana tana da nauyi, kuma malamai sun daɗe suna yin ta. Babu wanda ya ce sai an yi hotunan kafin aure, ko an tashi jirgi marar matuƙi a saman gida, ko an ɗauki mutum biyar na kwana bakwai. Mai ƙaramin ƙarfi zai iya ɗaukar mutum ɗaya na awa uku, ya samu hotuna talatin masu kyau, ya fi wanda ya tara dubu marasa amfani. Bincike ba ya cin ko kwabo. Araha dai ba ta ado, amma tsada ma ba shaidar amana ba ce. Gidan da kuma suka zaɓi kada a ɗauki hoton matansu saboda fahimtarsu ta addini, haƙƙinsu ne, kuma mai hoton da ya cancanci a kira shi shi ne wanda zai mutunta wannan iyaka ba tare da gardama ba.

Don haka, iyaye da angwaye na Birnin Kebbi da Argungu da kewaye, ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da aka sa rana, a sa batun mai hoto cikin lissafi tare da lefe da kayan ɗaki. A tambayi waɗanda ya yi wa aiki, a ga biki guda cikakke daga hannunsa, a rubuta yarjejeniya, a nuna masa inda zai tsaya da inda ba zai wuce ba. Ku kuma masu sana'ar, ku tuna 'yar mutane aka ba ku ku ɗauka, ku riƙe ta kamar ƙanwarku. Allah Ya ba ma'aurata zaman lafiya da zuriya ɗayyiba.